Zuma Sai da Gangare

Duk wanda ya san Kwanar Dangora a shekarun da aka fara shigo da motoci masu sanyin ciki, ya san ɗorawar nan ta gefen titi inda masu motocin yankin ke taruwa bayan la'asar. Ba wani aiki suke yi ba. Kowa ya jingina da tasa, a sayi rake, a yi ta yabon ƙarfe har a kira magariba. Shugaban majalisar, wanda ba wanda ya naɗa shi, shi ne Malam Mainasara dillalin masara, mutumin da bakinsa ya fi motarsa gudu.

Motar tasa ta tsufa, tsufa kuwa na gaske. Launinta na asali ba mai iya rantsuwa a kansa. Ya sa mata suna Zuma, wai tsohuwar zuma da ita ake magani. Ƙofar direba da igiya ake ɗaure ta, rufin yana yoyo, salansa kuwa ta daɗe da yin sallama. Duk waɗannan bai ɓoye ba, har ado yake yi da su. Abu ɗaya ya binne a cikinsa: Zuma ta daina tashi da makulli tun tuni. Sai an gangara da ita, a saki kuloci, sannan ta yi tari ta kama. Ga shi ba ta da silo, da ya ɗaga ƙafa daga totur sai ta mutu. Saboda haka bawan Allahn nan ya haddace kowane gangare tun daga Bebeji har Doguwa. Masallacin da babu tudu a gabansa ba ya sallah a ciki, abokin da ya yi gini a shimfiɗaɗɗen fili kuwa zumuncinsu ya yi rauni.

Ran nan sai ga Rufa'i, mijin ƙanwar matarsa, ya iso majalisa da sabuwar mota fil, ko ledar kujeru ba a cire ba. Nan da nan aka yanyame ta.

Mudi mai taki ya kara kunne a jikinta ya ce, "A kunne take kuwa? Ni ban ji komai ba."

Shitu direba ya ce, "Ka ga gilashi da kansa yake hawa. Duniya ta zo ƙarshe."

Mainasara ya tofar da ɓawon rake, ya taso a hankali, ya ƙwanƙwasa ƙofar da ɗan yatsa. Ya ce, "Gwangwanin madara. Motar da ba a jin kukanta, ta yaya iyali za su san maigida ya dawo? Zuma tun daga gada ake jin ta, kafin in iso an dama fura."

Rufa'i ya yi murmushi ya ce, "Yaya, shiga ka ji sanyi."

"Allah ya kiyaye. Mutum da hankalinsa ya je ya sayo mura."

"Kik ɗaya take tashi fa," in ji Shitu.

"Zuma rabin kik."

"To tayar mana da ita mu ji."

"Yanzu ta kwanta. Ba a tashin babba daga barci don yara su yi kallo."

Mudi ya dubi inda Zuma take, can saman tudu ita kaɗai a rana, da dutse a gindin taya. Ya ce, "Wai me ya sa kullum sai can sama?"

Mainasara ya ce, "Babba a sama yake zama." Aka yi dariya. Shi a ransa ya ɗauka hikimarsa ake yi wa.

Ana cikin haka Rufa'i ya ce jibi zai je filin jirgi ɗauko surukarsu, Hajiya Baturiya, wadda ta sauke farali, ya kai ta har ƙofar gidanta a Ba'awa. Nan fa Mainasara ya ji kamar an watsa masa barkono. Shi ne mijin babbar 'ya, a ce ƙaramin suruki ne zai shiga gari da Hajiya ana guɗa, shi yana baya yana shan hayaƙi? Ya so ya ce shi zai je Kanon, sai ya tuna filin jirgi a shimfiɗe yake, ko tudun tururuwa babu.

Ya ce, "Zuwa Kano aikin yara ne. Ka ɗauko ta ka kawo nan. Daga nan Zuma ce za ta shiga da ita Ba'awa, ita ce a gaba. Tsoho sai tsoho."

Da labari ya isa gida, matarsa Balaraba ta ajiye muciya. Ita ce kaɗai yake ganin ta san asirin, don ta sha tura Zuma da goyo a bayanta.

Ta ce, "Malam, ka rufa mini asiri. Dangin Inna har daga Burumburum za su zo."

"Su zo su ga mota."

"Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Wallahi in motar nan ta kunyata Inna a gaban jama'a, ba zan sake kwana gida ɗaya da ita ba."

Ya bugi ƙirji ya ce, "In Zuma ta ba da ni, na yafe ta har abada. A yi ɗakin kaji da ita."

Balaraba ta leƙa ta katanga ta kira maƙwabciya ta ce ta zama shaida. Sai a lokacin gabansa ya faɗi, don duk duniya in ka cire 'ya'yansa babu abin da yake so kamar motar nan, 'ya'yan ma ya danganta da rana. Amma magana zarar bunu ce, ta riga ta fita.

To ga inda gizo ke saƙar. Hajiya Baturiya Bafulatana ce ta gidan kunya. Tun da Mainasara ya auri 'yarta ta fari, magana ba ta taɓa haɗa su ba in ban da gaisuwa, ita ma daga bayan zana, shi a tsugune ba takalmi, ita ta juya kai. Bai taɓa kallon idonta ba, ba ta taɓa kiran sunansa ba. In akwai saƙo, sai a nemi wanda zai kai.

Rana ba ta ƙarya. Damina ce, an kwana ana ruwa. Mainasara ya wanke Zuma har igiyar ƙofa ya sake mata sabuwa, ya sa farar babbar riga da takalmi sau-ciki, ya hau tudunsa na Kwana ya zauna jira. Can sai ya hango wata babbar motar taki tana ƙoƙarin tsayawa daidai ƙasan gangaren. In ta tare, shi ke nan. Ya yi wuf ya janye dutse, ya gangara, Zuma ta yi tari ta kama, ya sha gaban motar da kyar. Yanzu ga shi a fili, ba damar kashewa, ba damar ɗaga ƙafa. Haka ya zauna yana ba ta wuta, hayaƙi ya turnuƙe, mai tsire ya kwashe kayansa ya koma tsallaken titi yana Allah-ya-isa.

Da ayarin Rufa'i ya iso, wata sabuwa ta taso. Dole ya fita ya tsuguna ya gai da Hajiya, in ya fita kuma Zuma ta mutu. Sai dabara ta zo masa. Ya cire takalmin dama ya cusa shi ya danne totur, ya cire na hagu don kada a gane, ya fito ƙafa ba komai ya zube a taɓo.

Wani dattijo ya ce, "Kai, yaron nan akwai ladabi. Tun daga cikin mota ya tuɓe takalmi."

Mainasara ya ƙara sunkuyar da kai, yana jin daɗi har cikin ƙashinsa.

Aka fito da Hajiya daga sanyin motar Rufa'i, 'yar tsohuwa fara siririya, fararen kaya, ga haƙorin Makka yana walƙiya. Hayaƙin Zuma ya yi mata maraba, ta yi tari ta ja mayafi. Aka sa ta a baya, aka jibga akwati da jarkar zamzam a gefenta. Ƙanwarta Tani, wadda ya kamata ta zauna da ita, ta dubi igiyar ƙofa, ta dubi rufi, ta ce gwiwarta ba ta son canjin kujera, ta koma motar Rufa'i. Aka bar suruki da suruka su kaɗai.

Ya shiga ya zare takalmin daga totur, aka kama hanya, Zuma a gaba tana ruri, motoci na biye. Yayyafi ya sauko, rufi ya fara ɗiga daidai kan Hajiya. Ba tare da ya waiwaya ba ya miƙa lema ta bayan kafaɗa. Ita kuma ta karɓa ta buɗe a cikin mota. Ba a yi nisa ba ya ga tururi na fita daga bonet. Ya san in suka ci gaba a haka, a gaban Rufa'i za ta ba da shi. Da suka zo inda burtalin shanu ya ratsa ya yanke zuwa Ba'awa, sai ya leƙo da kai.

Ya ce, "Ku bi babbar hanya da gwangwanayenku. Nan hanyar maza ce. Ku same mu mun sha ruwa."

Ya karya kan mota ya faɗa burtali. Gaskiyar magana Zuma ta yi ƙoƙari, ta keta taɓo, ta haye kwazazzabo, har ya fara tsara yadda zai ba da labarin a majalisa. Amma wanda ya bi burtali ai ya san da wa zai gamu. Suna shan wata kwana sai ga garke ya cika hanya. Ya taka birki, ƙafa ta bar totur, Zuma ta yi atishawa ta yi shiru. Wurin kuwa shimfiɗe yake, gaba ma ɗan hawa ne kafin a kai dogon gangaren da ya zarce har cikin Ba'awa.

Makiyayin ya matso da sanda a kafaɗa. Ashe Lado ne, ɗan ƙanen Hajiya, ƙato wanda shi kaɗai zai iya ɗaga gindin motar. Ya tsuguna ya ce, "Goggo, barka da sauka. An zo lafiya? Ya hanya?" Suka gaisa har suka gaji. Sannan ya dubi Mainasara ya ce, "Ko a ɗan tura ne?"

Ga taimako Allah ya kawo har gida. Amma Mainasara ya hango labarin yana yawo daga ruga zuwa ruga har ya isa gindin ɗorawa. Ya ce, "A tura wa? Ni na kashe ta don Hajiya ta gaisa da dangi a natse."

Lado ya ce, "To madalla." Ya kaɗa shanunsa ya nausa daji.

Ruwa na ta ɗiga a kan lema. Mainasara ya fita ya buɗe bonet, ya taɓa wannan ya taɓa wancan, ya rufe. Ya gwada turawa da hannu ɗaya a sitiyari, ya ga ko ya kai ta saman hawan, kafin ya kwance igiya ya shiga ta riga ta tafi ta bar shi. Dole sai da mutum a kujerar direba. Mutum kuwa ɗaya ne a dajin nan, kuma ba ya iya yi mata magana. Gumi ya karyo masa duk da yayyafin. Can ya dafa bonet, ya sunkuyar da kai, ya gyara murya.

Ya ce, "Zuma, kin ga halin da kika sa mu. Da a ce akwai wani babba mai albarka a kusa, wanda zai daure ya zauna a gaba ya taka wani ɗan ƙarfe, da mun isa gida."

Sai murya ta fito daga ƙarƙashin lema.

"Zuma, ki gaya wa mai ke, wadda ta hau jirgin sama ba ta tsoron kujerar gaba. Ki kuma tambaye shi me ya hana a bar Lado ya tura, tunda duk Ba'awa har yaran goye sun san sai da gangare kike tashi."

Shekara da shekaru yana hawa tudu yana ƙirƙiro dalili, ashe kallonsa kawai ake yi. Ya tuna dariyar majalisa, sai yanzu ya gane da wa ake. Ya ce, "Zuma, ki ce an gode."

Ya kwance igiya ya juya baya, Hajiya ta zagayo ta zauna. Ya sa giya ta biyu, ya murɗa makulli, ya sake cusa takalmi a kan totur, duk kansa na kallon ƙasa.

"Zuma, ki ce a danne na hagun nan da ƙarfi. In an ji na ce a saki, a saki."

"Zuma, na tsakiyan fa, na mene ne?"

"Zuma, ki ce kada a damu da shi. Da kin kama zan sheƙo in karɓa."

Ya ɗaure ƙofa, ya naɗe babbar riga, ya koma baya ya sa kafaɗa. Ya yi nishi, ya yi salati, ya kira sunan kakansa, har Allah ya sa suka kai saman hawan. Mota ta fara gangarawa da kanta. Ya ce, "Zuma, a saki."

Aka saki. Zuma, wadda kullum sai ta yi tari uku ana lallashi, ran nan ko ɗaya ba ta yi ba. Ta kama da wani irin ruri da bai taɓa ji ba tun da ya saye ta, ta watsa masa taɓo a fuska, ta yi gaba. Ya faɗi rub da ciki. Ko da ya ɗago, sai bayanta ya hango tana tafiya, gefen farin mayafi yana kaɗawa ta taga.

Ya tashi ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Yana gudu yana kira, "Zuma, na tsakiyan. Ki ce na tsakiyan." Ko a wannan hali bakinsa bai iya kiran Hajiya kai tsaye ba.

Daga saman gangaren komai a fili yake. Ayarin Rufa'i ya riga ya isa, an cika ƙofar gidan Hajiya maƙil, ga tabarmi, ga ƙoren fura. Da aka ji rurin Zuma mata suka ɗauki guɗa. Guɗar ta yi ta yi, sai ta fara yankewa ɗaya bayan ɗaya, don an ga wanda ke riƙe da sitiyari. Hajiya Baturiya ce, zaune ƙyam, ta kama shi da hannu biyu kamar mai tankaɗe, ƙirjinta ya danne ham yana ta kuka. Jama'a suka dare biyu. Liman ya haye turmi. Rufa'i ya ruga ya baje hannuwa a gaban sabuwar motarsa, kamar shi zai tare. Zuma ta goge ta gefensa, ta kwashe tabarma ɗaya, ta wuce ƙofar gidan, ta bi layin da ya gangara, don duk rayuwarta gangare ta sani. Ƙarshen gangaren Ba'awa kuwa kududdufi ne. Ta shiga taɓon bakinsa har rabin taya, ta yi ajiyar zuciya ta mutu.

Kafin Mainasara ya iso an fito da Hajiya, ko ƙwarzane babu, har jarkar zamzam ba ta zube ba. Ya ratso taron ƙafa ba takalmi, ba a gane rigarsa fara ce. Ya zube can nesa ya sunkuyar da kai.

Shitu direba ya ce, "Malam Mainasara, rabin kik ɗin ke nan?"

Mudi ya ce, "A'a, ku yi masa adalci. Ya ce Zuma ce za ta shigo da Hajiya, ai ta shigo da ita. Bai ce da shi a ciki ba."

Rufa'i ya zaro takalmin daga kan totur ya miƙa masa da hannu biyu ya ce, "Yaya, ga direbanka."

Aka fashe da dariya har da masu riƙe ciki. Ya saci kallon Balaraba, ya ga ta harɗe hannu, maƙwabciyar nan mai shaida tana tsaye a gefenta. Ya san ta faru ta ƙare.

Hajiya ta gyara mayafi, ta dafa bonet. Ta ce, "Zuma, ki gaya wa mai ke na yafe. Na je Makka na dawo ba wanda ya ba ni tuƙi sai shi. Amma na ji an yi alkawarin ɗakin kaji, ni kuwa zabina ba su da wurin kwana. Ki zauna nan wurina, tsoho sai tsoho."

Wa ya isa ya yi jayayya da suruka? Da kyar ya ce, "Zuma, ki ce Allah ya ƙara girma." Hawaye na gaske suka zubo masa, aka ɗauka taɓo ne ya shiga idonsa.

Da shanun huɗa aka jawo ta, aka ajiye ta cikin gidan Hajiya a gindin tsamiya, wuri shimfiɗaɗɗe sumul. Shi kuwa ba ya wuce zana, saboda haka in ya je gaisuwa sai dai ya hango rufinta ta saman danga, zabi na hawa suna sauka.

Ya koma hawa keke. Ya yi kwanaki bai leƙa majalisa ba, ran da ya dawo kuma sai aka ga ya tura keken har saman tudu ya sa masa dutse a taya. Da ya lura da abin da ya yi, shi ya fara yi wa kansa dariya. Rufa'i na cikin bayanin yadda sabuwar motarsa ba ta shan mai, sai Mainasara ya kwance wani ƙullin tsumma a hankali. Ƙwan zabi ne dafaffe, Hajiya ta aiko da shi da safe, ta ce a ce in ji Zuma.

Ya ɓare ɗaya, ya ɗaga shi sama yadda kowa zai gani. Ya ce, "Duk na ji, ƙanena. Sanyi, gilashi, kik ɗaya. Amma ka gaya mini tsakaninka da Allah, taka ta taɓa yin ƙwai?"